Sarrafa Numfashi a Waƙa: Bayani Domin Mawaƙan Ikkilisiya

Sarrafa numfashi shi ne mutum ya iya jan iska cikin huhunsa a sauƙaƙe, ya kuma fitar da ita kaɗan kaɗan daidai yadda waƙa take bukata. Tallafin numfashi kuwa shi ne aikin da tsokokin haƙarƙari da na ciki suke yi domin iskar ta riƙa fita da ƙarfi ɗaya tun daga farkon layin waƙa har ƙarshensa. A kan waɗannan biyu murya take tsayawa, ko ta mai ba da waƙa ce, ko ta 'yan amshi, ko ta kwaya mai murya huɗu.

Matsalar sananniya ce a ikkilisiyoyinmu. Kwaya takan fara waƙa da ƙarfi, amma kafin a kai aya ta uku murya ta sauka ƙasa, ƙarshen kowane layi kuma yana mutuwa a baki. Mai ba da waƙa a Zumuntar Mata takan dawo daga babban taro na kwana uku ko gaisuwa ba ta iya amsawa sai da raɗa. Da yawa cikinsu sukan ce ba su da isasshen numfashi. Amma mutum mai lafiya yana da iskar da ta ishe shi waƙa. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi tattalinta, ya kuma daina sa maƙogwaro aikin da ba nasa ba.

Yadda jiki yake numfashi

Huhu ba shi da tsokar da zai ja iska da kansa. Yana bin motsin ƙirji ne, kamar yadda zugazugin maƙeri yake cika da iska in an buɗa shi, ya fitar da ita in an matse. Abubuwa uku ne suke wannan aiki.

Na farko wata faffaɗar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki, siffarta kamar kifaffiyar ƙwarya. Likitoci suna kiranta dayafram. In ta ɗaure sai ta sauka ƙasa, wuri ya ƙaru a ƙirji, iska ta shiga. In mutum yana zaune yana hutawa, saukarta ba ta wuce santimita 1 zuwa 2, amma a dogon numfashi takan sauka ninkin haka sau da yawa. Yayin da take sauka tana tura kayan ciki gaba da gefe, shi ya sa ciki yake tasowa. Iska ba ta shiga ciki, a huhu take tsayawa.

Na biyu su ne ƙasusuwan haƙarƙari, 12 a dama, 12 a hagu, da tsokokin da suke tsakaninsu. Waɗansu suna ɗaga haƙarƙari su buɗa ƙirji, waɗansu suna sauke shi. Haƙarƙarin ƙasa, na wajen awaza, shi ya fi buɗewa, a nan ne kuma huhu ya fi faɗi.

Na uku su ne tsokokin ciki, daga ƙarƙashin ƙirji har mara. Su ne suke matsa kayan ciki sama su taimaka wa iska fita in ana bukatar ƙarfi, kamar a tari, ko dariya, ko waƙa.

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kowane numfashi kuma kamar rabin lita ne. Huhun namiji baligi yana ɗaukar wajen lita 6 in ya cika, na mace bai kai haka ba. Fiye da lita 1 takan rage a ciki kome ƙoƙarin mutum ya fitar da ita. Wato a zaman yau da kullum ɗan kaɗan ne muke amfani da shi daga abin da huhu zai iya ɗauka. Waƙa kuma ta bambanta da hutawa: ana jan iska cikin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka, a fitar da ita cikin daƙiƙa 8, ko 10, ko fiye.

Yadda iska take zama murya

A cikin maƙogwaro, bayan zakaran wuya, akwai tantani biyu da suke haɗuwa suna rabuwa. Tsawonsu wajen santimita 2 ne a namiji, a mace kuwa wajen ɗaya da rabi. In mutum yana numfashi a buɗe suke. In zai yi magana ko waƙa sai su matso kusa da juna, iskar da take fitowa daga huhu ta sa su kaɗawa. A maganar namiji suna kaɗawa kamar sau 110 a daƙiƙa ɗaya, a ta mace kamar sau 200. Mai murya ta ɗaya da ta hau sama tana iya kaiwa sau 800 ko fiye. Baki da harshe da leɓe su ne suke mai da wannan sauti kalmomi.

Wanda ya fara nazarin wannan tantani yana aiki cikin waƙa shi ne Manuwel Garsiya, malamin waƙa ɗan Sifen. A shekara ta 1854 ya sa ɗan madubin likitan haƙori a bayan bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubi, ya ga tantanin muryarsa yana motsi. A 1855 aka gabatar da bayaninsa ga masana a Landan. Likitocin maƙogwaro sun ɗauki wannan dabara suka ci gaba da ita.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar tantanin. Abu ne da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, yana kuma bugun ɗan'uwansa sau ɗaruruwa a kowace daƙiƙa. In iska ta zo masa da ƙarfin da ya wuce kima, sai tsokokin wuya su matse domin su tare ta, murya ta fito a shaƙe. In iskar ta gaza, sai wuya ya sake matsewa domin ya tatso sauran. Ko ta wace hanya maƙogwaro ne yake shan wahala. Yau da gobe tantanin yakan kumbura, wani lokaci har ya yi ƙananan kanta irin wadda fartanya take sa wa tafin hannu.

Numfashin kafaɗa da numfashin ƙasa

Ka ce wa sabon ɗan kwaya ya ja dogon numfashi, za ka ga kafaɗunsa sun tashi, ƙirji ya ɗago, ciki ya shige. Wannan shi ne numfashin kafaɗa. Yana sa mutum ya ji kamar ya cika, alhali iskar kaɗan ce, wuya kuma ya riga ya ɗaure kafin a fara waƙar. Da kafaɗun sun faɗo, iskar ta tsere gaba ɗaya.

Numfashin da ya dace da waƙa na ƙasa ne. Ciki yana sakewa ya taso kaɗan, awaza ta buɗe hagu da dama, har bayan ƙugu ya ɗan faɗaɗa, kafaɗu kuwa suna nan inda suke. Ba sabon abu ba ne ga jiki. Haka jariri yake numfashi in yana barci, haka kuma kowa yake yi in ya kwanta rigingine.

Ba a bukatar cika huhu fam a kowane layi. Huhun da ya cika maƙil kamar balan-balan ne da aka hura sosai, da an sake bakinsa iskar takan fita da gudu. A ja gwargwadon tsawon layin da za a rera.

Mene ne tallafin numfashi

In huhu ya cika, shi da ƙirji suna son komawa yadda suke, kamar roba da aka ja. Ƙarfin komawar nan a farkon layi yakan fi abin da murya take bukata, musamman a waƙa mai taushi. Saboda haka mawaƙi yana barin tsokokin jan numfashi su ci gaba da aiki kaɗan, awaza tana nan a buɗe, domin su rage wa iskar gudu. In aka kai tsakiyar layi ƙarfin komawar ya ragu, sai tsokokin ciki su karɓi aikin a hankali, suna shiga ciki kaɗan kaɗan har layin ya ƙare. Wannan miƙa aiki daga waɗansu tsokoki zuwa waɗansu, ba tare da an ji alamarsa a murya ba, shi ne tallafin numfashi.

Malaman waƙa na Italiya suna kiransa afojiyo, daga kalmarsu ta jingina. Faranchesko Lamfati, wanda ya koyar a makarantar kiɗa ta Milan daga 1850 zuwa 1875, ya kwatanta shi da kokawa tsakanin tsokokin da suke shigar da iska da masu fitar da ita, kokawar da ba a son kowa ya yi kaye. A zamaninmu Yohan Sundbag, masanin murya a Istokholm ta ƙasar Suwidin, wanda littafinsa a kan kimiyyar muryar waƙa ya fito da Turanci a 1987, ya nuna da awo cewa matsin iska a ƙarƙashin tantanin murya yana ƙaruwa in sauti ya hau sama ko ya ƙara ƙarfi, mawaƙi kuma yana daidaita shi a kan kowane sauti. Bincike ya kuma nuna cewa ƙwararrun mawaƙa ba su motsa ciki iri ɗaya. Wani cikinsa yana saurin shiga, wani yana daɗewa a waje. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne iska mai fita daidai da maƙogwaro a sake. Don haka kada shugaban kwaya ya tilasta wa kowa siffa ɗaya, ya saurari muryar.

Akwai kuskure biyu da ake yawan yi. Na ɗaya, a ƙandare ciki kamar mai ɗaga buhun masara. Yin haka yana rufe maƙogwaro, domin jiki ya saba haɗa yunƙuri da rufe hanyar iska. Na biyu, a ce wa mawaƙi ya tura murya da dayafram. Wannan tsoka ta jan iska ce, ba ta tura ta waje. Aikinta a lokacin waƙa shi ne ta koma sama sannu a hankali.

Mai busa algaita yana da dabarar tara iska a kumatu, yana busa da ita yayin da yake jan wata ta hanci, shi ya sa sautinsa ba ya yankewa. Mawaƙi ba shi da wannan dama, gama iskarsa dole ta bi ta maƙogwaro daga huhu. Abin da ya ja, shi zai yi tattali har wurin hutu na gaba.

Tsayuwa

A tsaya ƙafafu a ɗan ware, faɗin kafaɗu, gwiwa ba a ƙage ba. Ƙirji ya ɗan ɗago tun kafin a ja numfashi, ya zauna a haka. Kai a miƙe kamar na mai ɗauke da tulu, haɓa ba ta miƙa gaba ba, ba ta kuma duba sama in murya za ta hau. Mai riƙe da Littafin Waƙoƙi ko takardar solfa ya ɗaga ta daidai ƙirji, kada ya sunkuya a kanta. In a zaune ake koyon waƙa, a zauna a bakin benci, tafin ƙafa a ƙasa. Zani ko bel da aka ɗaure tamau yana hana ciki da awaza motsi, sai a sassauta shi kaɗan.

Darussan koyo

Minti 10 kowace rana ya fi awa ɗaya sau ɗaya a mako.

1. Ka kwanta rigingine a tabarma, ka ɗora littafi a kan cibiya. Ka yi numfashi yadda ka saba, ka lura da littafin yana hawa in iska ta shiga, yana sauka in ta fita. Kada ka tura shi da gangan.

2. Ka tashi tsaye, ka sa tafin hannu a awaza hagu da dama. Ka ja iska shiru kamar mai shaƙar ƙanshin miya, ka ji hannuwanka suna rabuwa. In an ji ƙarar jan numfashinka, maƙogwaro a matse yake.

3. Ka fitar da iskar da sautin “sss” siriri, mai ƙarfi ɗaya, awaza a buɗe muddin za ka iya ba tare da yunƙuri ba. Ka fara da daƙiƙa 10, kana ƙarawa cikin makonni har 20 ko 25. Sautin da bai yi rawa ba ya fi mai tsawo amfani.

4. Ka ja iska kana ƙirga 4, ka dakata kana ƙirga 4 maƙogwaro a buɗe, ka fitar kana ƙirga 4. In ya yi sauƙi ka koma 5, da haka har 8. Ana danganta wannan darasi da Farinelli, shahararren mawaƙin Italiya da ya rayu daga 1705 zuwa 1782.

5. Ka sa bututun shan lemo cikin kofin ruwa, zurfin santimita 2 ko 3, ka yi sautin “uu” ta cikinsa, kana hawa kana sauka. Kumfar ta riƙa tashi daidai. Masu gyaran murya a asibiti suna amfani da wannan, domin yana rage wa tantanin murya bugun juna. In babu bututu, ka sa leɓe su kaɗa kamar yaro mai kwaikwayon babur.

6. Ka ɗauki sauti ɗaya a tsakiyar muryarka da “aa”. Ka fara a hankali, ka ƙara ƙarfi sannu sannu, ka sake ragewa, duk a numfashi ɗaya, ba tare da sautin ya hau ko ya sauka ba. Wannan ya fi sauran wuya, sai a bar shi a ƙarshe.

In jiri ya ɗebe ka, ka tsaya ka zauna. Yawan jan numfashi a jere yana rage iskar kabon da take cikin jini fiye da kima, shi yake kawo jirin, yakan kuma wuce bayan ɗan hutu.

Inda ake jan numfashi cikin waƙa

Ana jan numfashi inda magana ta huta, wato a waƙafi ko ƙarshen jimla. Ba a yanka kalma biyu. Wanda ya raba “Ubangiji” ya ja iska bayan “Uban” ya ɓata maganar, jama'a kuma za su ji. Da yawa daga waƙoƙin sujada na Hausa fassara ce a kan karin Turawa, don haka wurin hutun kari ba kullum yake dacewa da wurin hutun maganar Hausa ba. Aikin shugaban kwaya ne ya karanta kowace aya a fili, ya sa alama da fensir a inda za a numfasa, kowa ya sa a takardarsa.

In layi ya yi tsawo, kwaya tana da dabarar numfashin karɓa-karɓa. Kowa yana jan numfashinsa a wuri dabam da na kusa da shi, ya fita shiru ya dawo shiru, mai sauraro ya ji kamar sautin bai yanke ba.

In akwai lokaci, kamar kafin a fara aya, a ja ta hanci, domin hanci yana tace ƙura ya kuma jiƙa iskar. A tsakiyar waƙa mai sauri a ja ta baki da hanci tare. Sirrin numfashin gaggawa shi ne a sake ciki nan take da layi ya ƙare, iska za ta faɗa da kanta.

Waƙa da rawa da kayan kiɗa

Zumuntar Mata da ƙungiyoyin matasa sukan haɗa waƙa da taka rawa. Jiki mai motsi yana cin iska da yawa, saboda haka layi yakan gajarta. A koyi waƙar a tsaye tukuna, sa'an nan a ƙara takawa. Mai ba da waƙa ta numfasa sosai lokacin da ake amshi, kada ta bi 'yan amshi tana rerawa tare da su. In taro na kwanaki ne, a sami masu ba da waƙa biyu ko uku suna karɓar juna.

Babu muryar da za ta yi gasa da ganguna da jita da lasifika ta ci. In mawaƙi ba ya jin kansa, zai yi ihu bai sani ba. A rage ƙarar kayan kiɗa, a matso da makirfo kusa da baki, a bar na'ura ta yi aikin ƙara sauti.

Kula da lafiyar murya

Hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, ya zo daidai da lokacin da kwaya ta fi aiki: godiyar kaka, Kirsimeti, Sabuwar Shekara da bukukuwan aure. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da maƙogwaro, busasshen tantani kuwa yana bukatar ƙarin matsin iska kafin ya kaɗa. A riƙa shan ruwa tun da safe, ba sai an zo hawa bagade ba. A rufe hanci da baki in za a hau babur. Shaƙar tururin ruwan zafi na 'yan mintoci yana taimakawa. Hayaƙin itace da na taba suna cutar da huhu da maƙogwaro duka.

Zuma da citta da namijin goro da alawa mai sanyaya wuya ba su taɓa tantanin murya, domin wani ɗan murfi yana rufe hanyar iska a duk lokacin da aka haɗiyi abu. Suna iya sa wuya ya yi daɗi, amma ba su warkar da kumburi, wani lokaci ma sukan ɓoye zafin mutum ya ci gaba da wahalar da muryarsa. Cire beli wurin wanzami shi ma ba ya maganin dushewar murya, gama beli yana can sama a bayan baki, ga kuma haɗarin zubar jini. Maganin muryar da ta gaji shi ne hutu. A rage magana, a guji yawan gyaran murya, kada kuma a koma yin raɗa da ƙarfi, domin ita ma tana gajiyar da maƙogwaro.

A je asibiti in murya ta dushe fiye da mako uku, ko ana jin zafi wurin haɗiya, ko an ga jini a kaki, ko numfashi yana sarƙewa. Tarin da ya wuce mako biyu yana bukatar gwajin tarin fuka, mai shi kuma ya dakata da zuwa koyon waƙa har a san abin da yake damunsa, domin waƙa a rufaffen ɗaki tana yaɗa cututtukan numfashi. Mai asma yana iya waƙa, ya dai riƙe maganinsa kusa. Mace mai tsohon ciki ta riƙa numfasawa akai-akai, kada ta tilasta wa kanta dogon layi.

Ga shugabannin kwaya

Ku ware minti 10 na farkon kowane koyon waƙa domin tsayuwa, numfashi da ɗumama murya. Ku ɗauki waƙa a muryar da yawancin mutane za su iya kaiwa, gama waƙar da aka ɗauka can sama tana sa jama'a duka matse wuya. In kuka ji kwaya tana sauka ƙasa, ku duba ƙarshen layi, yawanci a nan ne awaza take faɗuwa. Ku lura da samari masu sauya murya, kada a tura su sama ko ƙasa da ƙarfi. Wanda muryarsa ta dushe ku bar shi ya zauna ya saurara, kada a ɗauke shi a kan mai gudun aiki.

'Yan'uwa, sabon hali ba ya zama jiki a kwana ɗaya. Wanda ya saba numfashin kafaɗa shekara da shekaru zai ɗauki makonni, wataƙila watanni, kafin na ƙasa ya zame masa jiki, amma sannu ba ta hana zuwa. Alamar an kama hanya ita ce mutum ya gama sujada ta awa biyu ko uku, gajiyar tana a awaza da ciki, muryarsa kuwa tana nan garau ya gai da mutane a bakin ƙofa. Mawaƙin da ya koyi wannan tun yana matashi zai iya hidimar waƙa a ikkilisiya har tsufansa. Ubangiji ya taimake mu.